Ƙulle-ƙullen da muka tarar a adakar Inna

Ɗan Makera

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha tara da rasuwar mahaifiyarmu, kuma akwai abin da ya ɗaure mana kai ni da ƙannena, shi ne na ce bari in kawo shi nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irinsa. Ku yi haƙuri, sai na ɗan ja zancen kafin in iso ga tambayar.

Inna muke ce mata. Ba ta san shekarunta ba, kamar yawancin sa'o'inta. Abin da take faɗa kullum shi ne an kashe Sardauna cikin azumi, ita kuma aka kai ta ɗaki bayan sallah. Wato 1966 ke nan. Da fam aka biya sadakinta, don naira ba ta zo ba sai 1973. Daga wani ƙauye a ƙasar Bakori aka ɗauko ta aka kawo ta unguwar Makera a Kaduna, ɗaki ɗaya a gidan haya, saboda Baba yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ta haifi goma sha ɗaya. Uku sun koma tun suna goye, ɗaya ya rasu da girmansa ya bar 'ya mace da Inna ta riƙe, mu bakwai muka rage, maza uku mata huɗu. Ni ne ɗan fari, don haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Yaron nan" nake, ko da na yi furfura.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai tashi a gidan mai ƙuli ba yana ganin abin wasa ne. Kafin kiran assalatu ta hura wuta. A soya gyaɗa a kasko, ana juyawa ba tsayawa don kada ta ƙone mai ya yi ɗaci, a baza ta ta huce, a murje, a fece ɓawon a faifai, a kai inji. A da ma kafin inji ya zo kusa da mu, dakawa take yi. In an dawo da niƙan sai ta juye a turmi, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana tuƙawa da taɓarya, har mai ya fara tasowa sama. Nan ne gwanintar take. In ruwa ya yi yawa ka ɓata, in ya yi kaɗan mai ya ƙi fita. Ita da ido kawai take ganewa. Sai matsa, sai mulmula tunkuza, sai suya da man da aka fitar. Masu tsire na bakin titi suna aiko yara sayen ƙuli don yaji, masu ƙosai suna ɗaukar mai kwalba-kwalba, akwai wani mai kilishi da tunkuzar kawai yake saye. Bayan hannunta duk tabon fallatsin mai ne. Zanenta, filonta, har kuɗin makarantar da take ba mu, ƙamshin gyaɗa suke yi.

Kuma duk wannan daga cikin gida take yin sa. Shekara da shekaru ƙafarta ba ta taka kasuwar Litinin ta Kakuri ba, amma ta fi Baba sanin farashin tiyar gyaɗa a ranar. Da rikicin 2000 ya tashe mu muka koma Rigasa, a kayan da muka samu fitarwa har da turminta, don ta rantse ba ta shiga mota sai da shi.

Abin da ke ci mini rai tun ranar jana'iza shi ne wata takarda da na cike lokacin shiga sakandare. An tambayi aikin uba, na rubuta ma'aikacin masaƙa. An tambayi aikin uwa, na rubuta ba ta aiki. Da hannuna. Alhali biron da na rubuta da shi ma daga kwalbar mai ya fito.

To ga tambayar. Bayan bakwai muka buɗe adakarta a gaban Baba. A ciki akwai gwangwanin madara da kuɗinta, wannan mun sani nata ne, har da wani kwabo mai huji da ta ajiye tun zamanin da. Amma a ƙarƙashin zannuwa muka tarar da ƙulli goma sha huɗu, kowanne an ɗaure shi da ƙyallen atamfa daban, kowanne da kuɗi a ciki, wani dubu takwas, wani ya haura dubu sittin. Babu rubutu ko ɗaya. Inna ba ta yi boko ba, ajaminta ma bai wuce na haɗa baƙi ba. Mun san ita ce uwar adashin layinmu, kuma mata suna kawo mata ajiya, amma ba mu san wane na wa ba. Ƙanena ɗaya ya ce a haɗa duka a yi mata babbar sadakar arba'in, wanda ya zo da magana daga baya a biya shi. Ɗayan ya ce arba'in ba ta da asali, a haƙa rijiya. Har sun fara ɗaga wa juna murya a ɗakin da gawarta ta kwanta. Ga kuma marainiyar da ta riƙe, yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ta zo ta durƙusa tana kuka wai don Allah a bar mata turmi da kasko. Ni dai so nake mu yi abin da zai amfane ta a kabari, kuma a san cewa matar nan ta yi aiki. Ta ina za mu fara?

Almajirin Zazzau

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗan'uwa, gardamar arba'in da rijiya ku ajiye ta tukuna, don ƙannenka suna rabon abin da ba nasu ba. Ƙullin nan amana ne. Ajiya ba ta shiga cikin dukiyar mamaci ko kaɗan, balle a yi sadaka da ita. Kada a kwance ko ɗaya a haɗa da wani, kada a canja ƙyallen. A ƙirga kowanne a gaban shaidu biyu, a rubuta adadin, a mayar a ɗaure yadda aka same shi. In kuka dafa shinkafa da kuɗin wata baiwar Allah da take tara wa auren 'yarta, kun ɗora wa Inna nauyi ne, ba ku sauke mata ba.

Abin da yake nata kuwa, tsarinsa sananne ne. A fara fitar da abin da aka kashe na likkafani da kabari in daga dukiyarta za a cire, sai bashi, sai wasiyya in ta yi, ita ma kada ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, sannan gado. Bashi a nan har da na mai kawo mata gyaɗa da mai inji da mai itace. Ku je ku tambaye su, kada ku jira su zo, wasu kunya za ta hana su.

Tunda Baba yana raye kuma akwai 'ya'ya, rubu'i ne nasa, kamar yadda ya zo a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Sauran naku ne, namiji rabon mata biyu. Yadda ka lissafa ku, in aka kasa dukiyar kashi 40, Baba yana da 10, kowane namiji 6, kowace mace 3. Kuma dukiya ba kuɗi kaɗai ba ce. Awaki in akwai, kwanukan jere, 'yan kunne, turmi, kasko, har faifai, duk gado ne. Jikar da ta riƙe ba ta gado tunda akwai 'ya'ya maza, sai dai in Inna ta yi mata wasiyya da shaidu. In ba ta yi ba, hanya mai sauƙi ce: ku takwas ɗin ku ce kun yafe rabonku na turmi da kasko kun ba ta kyauta. Amma a tambayi kowa da bakinsa, musamman matan, kada babban wa ya yafe a madadin kowa.

Bayan kowa ya karɓi nasa, wanda ya so ya fitar ya yi mata sadaka. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, ya ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce. Sai dai in ƙara da abin da idona ya gani: unguwanninmu cike suke da rijiyoyin burtsatse da suka mutu, allon sunan mamaci yana nan fes, famfo ba ɗigo. In ba ku da wanda zai riƙa gyara, ku tuna wani abin. Kuma kada ku manta da ƙawayenta. Annabi yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta.

Maganar arba'in ba zan shiga ba, kowa ya san malaminsa.

'Yar Talla a Da

Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta. Malam ya gama maganar shari'a, ni ta mata zan yi.

Ƙullin nan ba wani abin ɗaure kai ba ne, ku ne dai maza ba ku san kan abin ba. Rubutunta ke nan. Duk wadda ta kawo ajiya, ko dai da ƙyallen zanenta ta ƙullo, ko Inna ta yagi wanda za ta tuna ta da shi. Ku nemo aminiyarta, kowace tsohuwa tana da guda, wadda suke ƙus-ƙus a ƙuryar ɗaki. Ku baje mata ƙullin a tabarma, za ku sha mamaki. Za ta ce wannan ankon bikin wance ne, wannan zanen goyon wance ne. Ku tambaye ta kuma zancen biki, don in wata ta kawo wa Inna gudummawa a auren ƙanwarku ba ta kai ga ramawa ba, a wajen mata wannan ma bashi ne, ko da alƙali ba zai saurara ba. Sai adashi: a gano zubi nawa aka yi, su wa suka kwasa, su wa suka rage, a zaɓi wata ta ƙarasa zagayen.

Amma Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na karanta bayaninka har ƙarshe, ka ce daga cikin gida take yin komai, ƙafarta ba ta taka kasuwa ba. To wa yake kai niƙa? Wa yake ɗaukar kwalaben mai zuwa wajen masu ƙosai? Ƙuli da kansa yake tafiya bakin titi? Ka ambaci masu tsire da mai kilishi, ba ka ambaci ƙannenka mata ba ko sau ɗaya.

Ni a Kano na tashi, uwata koko da ƙosai take yi, da rana alala. Ina da shekara bakwai aka ɗora mini faranti. Yayyena maza suna wucewa da kayan makaranta, ni ina bin lungu ina "a sayi alala". In kuɗi suka ɓace a hanya duka ne, in ciniki ya yi kwantai faɗa ne. Ana ce mini ai kayan ɗakinki ake tara miki, kuma gaskiya ne, samira da kumbo da aka jera mini ba wadda ta kai ni a layinmu. Amma sai da na haifi uku na shiga yaƙi da jahilci na koyi rubuta sunana. Ban riƙe ta a zuciya ba, Allah ya sani, ita ma haka aka yi mata, kuma da ba ta yi hakan ba da ba mu ci ba. Sai dai ranar da ta rasu maza suka zauna a ƙofar gida suna ta yabon zuciyar nemanta, ni ina ciki ina jin wuyana yana mini ciwon da ya saba.

Kana son a san ta yi aiki. To ka fara da zuwa wajen wadda ta ɗauki farantin, ka zauna, ka tambaye ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ta san Innar da kai ba ka sani ba.

Bamaraɗiya

Allah shi jiƙan tsohuwa. Daga Maraɗi nike. Kakata ita ma mai ta yi har ƙarfinta ya ƙare, kuma ita ta riƙe gidanmu a yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda an rufe iyaka hatsi ya daina shigowa daga Najeriya. Awakinta ta saida ɗaya bayan ɗaya. Abin da nike nadama guda ne: ban ɗauki muryarta ba. Yanzu in ɗiyana suka tambaye ni, rabin labarin ya ɓace mini. Ku tsohonku yana nan. Ka aje waya kusa da shi ka ja shi da hira, kada ka ce mishi ana ɗauka sai daga baya, don in ya sani zai koma yi muku wa'azi. Haka ƙawayenta. Ba kullum za ku same su ba.

Na Kasuwar Bacci

Allah ya jiƙanta. Ni dai shawarata, kada ku yi shelar ajiyar nan da adadi. Ku ce duk mai ajiya wajen marigayiya ta zo ta faɗi kalar ƙyalle da abin da ke ciki. Da kakarmu ta rasu muka yi kuskuren faɗin adadi, sai ga mutum uku a kan ƙulli ɗaya.

Ɗan Makera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana tara saboda ina bin abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya 'Yar Talla, maganarki ta yi mini zafi ranar da na karanta, har na kashe wayar. Amma gaskiya kika faɗa ta kowane ɓangare. Mun ɗauko aminiyar Inna daga Makera, tsohuwa ce da ƙyar take gani, sai ta kai ƙyalle dab da ido ta shafa. Nan take ta faɗi masu guda goma sha ɗaya, har da labarin kowane zane. Biyu kuma masu su suka zo da kansu suka faɗi kala da adadi daidai, yadda ɗan'uwa na Kasuwar Bacci ya ce a yi. Ɗaya daga cikinsu mijinta bai san tana tarawa ba, ta roƙi kada a faɗa, ba mu faɗa ba. Mai gyaɗa yana bin ta kuɗin rabin buhu, ya ce ya yafe, muka ce a'a ya karɓa, in ya so ya yi mata sadaka da shi.

Na je Tudun Wada wajen ƙanwata mai bi mini. Mu duka biyu an sa mu firamare zamanin UPE, wato shirin karatun firamare kyauta, ni a 1976, ita bayana da shekara biyu, aka cire ta tana aji huɗu. Ban taɓa tambayar dalili ba, ina ganin haka ake yi. Na zauna a tabarmarta ban san ta inda zan fara ba, ita ta fara. Ta ce, "Yaya, da wuyan nan nawa aka biya maka kuɗin jarrabawa." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana tsince shinkafa. Ta ce Inna takan tashe ta da asuba ta shafa mata man gyaɗa a ƙafa saboda kaushi, wani lokaci tana shafawa tana hawaye, amma ba ta taɓa cewa komai ba. Ta ce sau ɗaya tak, bara da azumi, Inna ta ce mata ki yafe mini karatunki. Na tambaye ta me ta ce. Ta ce wannan tsakaninsu ne.

Sai Baba. Na ajiye waya kamar yadda 'yar'uwa ta Maraɗi ta ce. Tun rasuwar ba ya cin abincin kirki, yana zaune a zaure da carbi. Na ja shi da zancen masaƙa, sai ya kawo 1984 da kansa, lokacin da aka rasa kayan aiki aka yi ta sallamar ma'aikata, shi ma abin ya rutsa da shi. Ni na san an sallame shi, amma a tunanina yana da wani abin yi, don kullum da safe yakan tsaya a tsakar gida ya zaro kuɗin cefane daga aljihu ya miƙa wa Inna a gabanmu, ita kuma ta durƙusa ta karɓa ta ce Allah ya ƙara buɗi. Ya ce kusan shekara uku, kuɗinta ne. Da dare take sa masa a aljihun riga inda ya rataye ta, da safe ya ba ta. Ko sau ɗaya ba su taɓa yin zancen ba, har ta rasu. Ya ce in ya fita, gindin wata bishiya yake zuwa kusa da layin dogo ya zauna har la'asar. Daga nan bai ƙara magana ba, ni ma ban iya ba.

Turmi da kasko mun yafe wa yarinyar, mu takwas, kowa da bakinsa. Ƙanwata ta ce a bar mata ita ta koya mata zubin ruwa, don har yanzu mai yana ƙin fito mata, amma da sharaɗin ba za ta bar makaranta ba kuma ba za ta ɗora wa kowa faranti ba, masu saye su zo gida. Zancen rijiya da arba'in har yau ƙannena ba su daidaita ba. Na ce kowa ya yi da rabonsa.

Saura ƙulli ɗaya. Aminiyarta ta juya shi ta juya, ta ce ba ta san shi ba. Malam, kuɗin ciki duk tsofaffi ne na kafin canjin 2022, har da takardun naira hamsin na kafin a koma na leda a 2009, wato ya daɗe a adakar nan. Muna zaton na wata maƙwabciya ce ta Makera da muka rabu da ita bayan tashinmu. An yi cigiya a masallacin layinmu da islamiyyar matan aure, na kuma aika Makera, shiru. Shin shekara guda za mu jira kamar tsintuwa kafin mu yi sadaka da shi da sunan mai shi, ko ajiya hukuncinta daban ne? Kuma in akwai wanda mahaifiyarsa ko kakarsa ta zauna Makera wajen layin dogo, ya tambaye ta ko ta taɓa ba mai ƙuli 'yar Bakori ajiya. Kalar ƙyallen ba zan faɗa ba, ita za ta faɗa.